Jinyar Tsoho a Sabha: Tambayar da Kunya Ke Hana Mu Yi

Idan likita a babban asibitin Sabha ya ce a koma da tsoho gida a ci gaba da lallaɓawa, 'ya'ya sun gane abin da ake nufi. Gidan jinya na masu ciwon ajali, irin wanda Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967, ba abu ne da aka saba da shi a yankin Sabha ba, don haka aikin a ɗaki yake ƙarewa, a hannun ɗiya ko suruka. Ana tambayar Baba ko ya ci, ko ya samu barci. Amma "Baba, yaushe rabonka da bayan gida?" tana da nauyi a baki, shi ma kuma ba zai fara faɗa ba. Sai ciki ya cushe kwana biyar, tsoho ya ƙi abinci, ya yi ta juye-juye, wani ma ya rikice, a ɗauka ciwon ne ya tashi.

Wanda ke kwance hanjinsa ma kwanciya yake yi. Ga zafin Sabha da kan haura digiri 40 a bazara, ga tsoho ba ya jin ƙishi sosai. Babban dalili kuwa magungunan kashe raɗaɗi ne, irin su mofin da taramadol: suna rage motsin hanji, kuma jiki ba ya sabawa da wannan komai daɗewa. Shi ya sa ranar da aka fara su ya kamata a fara mai sassauta ciki. Idan ba a rubuta muku ba, ku tambaya. Kada a dakatar da maganin raɗaɗi saboda taurin bayan gida.

Likitoci kan ba da ƙwayar senna, wato dangin filaskon da muka sani, Larabawa na ce masa sanamakki, ko ruwan lactulose mai zaƙi. Ni dai ban so a dafa ganyen a gida a ba mai rauni, domin ba a san ƙarfinsa ba, yana murɗa ciki ya zubar masa da ruwan jiki. Ruwa kaɗan-kaɗan da cokali, kunu, miyar kuɓewa, dabinon da aka jiƙa ya yi laushi, duk suna taimakawa muddin yana iya haɗiya. Ko da ya daina ci, hanji ba ya daina tara ƙazanta, saboda haka a ci gaba da ƙirga kwanaki a takarda. Kwana 3 shiru, a nemi likita ko nas.

Akwai abin da ke yaudarar mutane da yawa. Bayan kwanaki ba fita, sai a ga ruwa-ruwa yana ɓata zane, a ruga kemis a sayo maganin gudawa. Sau da yawa ba gudawa ba ce: busasshen bayan gida ne ya toshe hanya, ruwa ke tsiyayowa ta gefensa, maganin kuma ƙara toshewa zai yi. Wannan sai ma'aikacin lafiya ya duba. Idan kuwa ciki ya kumbura, ga amai, ko iska ba ta fita, ko an ga jini, kada a ba shi wani mai sassauta ciki, a kira likita nan take.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne jim kaɗan bayan karin kumallo. A zaunar da shi a kujerar fo idan zai iya, a sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafafunsa gwiwa ta ɗaga, a yafa masa zane, a ja ƙofa, a tsaya kusa. Inda hali ya yi, ɗa ya kula da uba, ɗiya da uwa. A yi masa tsarki da ruwan ɗumi a buta, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a shafa man zinc ko basilin, a sauya famfas da zarar ya ɓaci. Idan Baba ya kau da kai yana cewa na wahalar da ku, ka gyara masa zane ka ce, "Haba Baba, sannu, an gama," ka ɗauke fo ɗin kafin masu gaisuwa su shigo.