Yarinyar da Ta Sake Hali a Aji Huɗu

A da, yaron Gyaɗi-Gyaɗi da ke son sabon fim sai ya taka zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni a tura masa. Yanzu ɗan kuɗin data ya ishe shi, kuma cikin abin da yake buɗewa har da manga, littattafan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar ajami. Iyaye da yawa in sun leƙa suka ga zane sai su ce katun ne na yara. Alhali wani babban reshe na waɗannan littattafai soyayya ce da barkwanci a makarantar sakandare, kuma wani jigon da suke yawan maimaitawa shi ne ɗalibin da aka ware a ƙaramar sakandare, ya ƙudurta zama wani mutum daban a babba.

Tsarin karatun Japan ne ya haifi jigon. Shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, kamar namu. Sai dai a can jarrabawa ce ke raba yara zuwa manyan makarantu daban-daban, don haka a watan Afrilu, farkon shekarar karatunsu, yaro kan wayi gari cikin waɗanda ba su san sunan tsokanarsa ba. Tsangwamar ɗalibai kuwa ba ƙaramar magana ba ce a Japan. Bayan wani ɗalibi ya kashe kansa a garin Otsu a 2011, sai da majalisa ta kafa doka a kan lamarin a 2013.

Littafin da ya fi kama min hankali shi ne Ao Haru Ride na Io Sakisaka, da aka yi ta bugawa daga 2011 zuwa 2015. Jarumar labarin, Futaba, kyakkyawa ce mai kunya, a ƙaramar sakandare samari na sonta, 'yan mata suka tsane ta a kan haka. Da ta shiga babbar sakandare sai ta juya lamarin: ta koyi ci da yawa a gaban mutane, da ɗaga murya, da barin jakarta a hargitse, duk don kada namiji ya kalle ta, mata su karɓe ta. Dabarar ta ci, ta yi ƙawaye. Sai Kou, yaron da ta so a baya, ya dawo da sabon sunan dangi da sanyin hali, ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa wannan ƙawancen na wasa ne. Dariyar labarin tana cikin wahalar da take sha wajen riƙe halin aro, kuma ranar da ta faɗi gaskiyar ranta ƙawayen suka watse. Ta koma ta zauna da wata da ita ma suke warewa.

Akwai kuma Kimi ni Todoke na Karuho Shiina, juzu'i 30, inda ake gudun Sawako saboda kamarta da fatalwar wani fim.

Mu ma muna da namu, tun kafin waya. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, an cire Abu daga makaranta, ɗan'uwan da aka yi mata alkawarinsa ya ƙi ta don ba ta da boko, aka ɗaura mata aure da tsoho. Ta gudu, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Littattafan soyayya na Kano sun cika da irinta: wadda aka raina ta dawo da ilimi ko dukiya, masu raini su ciji yatsa. A ganina nan muka rabu da Japanawa. A wajenmu sauyin gaskiya ne, kuma sakayya ce. Su kuwa zargin sauyin suke yi, suna tambayar nawa yarinya ta biya kafin a yarda ta zauna cikin mutane. Marubutanmu ba su cika taɓa wannan tambaya ba, ga ta kuwa a kowane aji.

Ba kowane manga ne ya dace da yaro ba, wasu na manya ne zalla, kuma ba kullum zanen ke nuna hakan a bango ba. Gwamnatin Kano ta taɓa ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata a 2007, amma abin da ke cikin waya ashana ba ta kai gare shi, sai dai uwa ta karɓa ta duba.

Damar da Futaba ta samu ba kowane ɗan Tarauni ke samunta ba. Makarantun jeka-ka-dawo da yawa, musamman masu zaman kansu, ƙaramar sakandare da babba a harabar guda suke, yaro ya haye aji huɗu da tsohon laƙabinsa da tsofaffin masu tsokanarsa. Wanda ya fi samun sabon shafi shi ne wanda ya ci jarrabawar makarantun kimiyya irin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe a 1977, ya ɗauki akwatinsa ya tafi kwana inda ba a san ko shi ɗan wace unguwa ba ne.