Ciki Ya Cika, Jiki Bai Samu Ba: Abubuwan Da Ke Ɗaure Amfanin Abinci

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi a Maruda da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo, akwai tambayar da iyaye mata suke yawan yi mana: "Yaron nan yana cin tuwo ya ƙoshi, kunu ma ba ya wuce shi, to me ya sa ba ya kumari?" Masu kiwon kaji su ma suna kukan sun zuba dusa da waken soya, amma 'yan tsaki sun ƙi girma.

Maganar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa yara 66 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi sun tsumbure, kuma babu jihar da ta kai mu a lokacin. A ƙasa baki ɗaya, ƙananan yara 68 cikin 100 da mata 58 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Talauci da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna da nasu laifin. Amma akwai wani dalili da ke ɓoye a cikin tukunyarmu, kuma maganinsa ba ya bukatar kuɗi.

Mene ne ke ɗaure abinci?

Kowace ƙwayar hatsi da ta wake tana ɗauke da wasu sinadarai da ke kare ta daga ƙwari da tsuntsaye, ko su adana mata abinci har ranar da za ta tsiro. Ga shuka suna da amfani, amma a cikin mutum ko dabba sai su hana jiki ɗaukar abin da yake bukata. Kamar rumbu ne cike da hatsi, amma an liƙe bakinsa.

Na farko sunansa faitet. Yana cikin gero, dawa, masara da wake. Yana kama sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da zinki mai sa yaro girma, sai su fita a bayan gida.

Na biyu tanin. Shi ne baurin da muke ji a wasu irin jar dawa da tsuntsaye ba su cika so ba, da kuma a ganyen shayi. Yana ɗaure furotin, wato abin gina jiki, yana kuma tare ƙarfe.

Na uku yana cikin ɗanyen wake, musamman waken soya. Yana hana ruwan hanji narkar da furotin. Wuta ce maganinsa.

Na huɗu guba ce sosai, sayanaid. Tana cikin rogo mai ɗaci da bawonsa, da kuma ƙaramar dawa da ba ta tasa ba.

Iyayenmu sun san mabuɗin

Ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san aikin. Jiƙa gero, niƙa shi, a tace, a bar ƙullu ya kwana biyu ya yi tsami kafin a dama koko: wannan tsamin yana karya faitet fiye da jiƙo kawai. Kalwa ba ta ciwuwa ɗanya, sai an dafa ta an rufe ta kwanaki ta zama daddawa. Yau gaggawa da tsadar itace da saukin injin niƙa sun sa muna tsallake waɗannan matakai. Sauri ya haifi nawa. Ga abin da muke roƙo a riƙe a gida:

1. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan, a dafa shi har ya yi laushi. Jiƙaƙƙen wake ba ya cin itace da yawa. A rage kanwa, domin yawanta na kashe bitamin B1.

2. Kunun yaro ya zama na ƙullu mai tsami, a haɗa da garin soyayyar gyaɗa ko soyayyen waken soya.

3. A yi garin tsiro. A jiƙa gero dare ɗaya, a baza a jiƙaƙƙen buhu a rufe, kwana biyu zuwa uku ya tsiro. A shanya ya bushe sarai, a murje tsiron da saiwar a sheƙe, sannan a niƙa. Ƙaramin cokali ɗaya a cikin kunu mai kauri da ɗumi yana tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba. A mayar da shi wuta ya tafasa. Ta haka yaro zai sha mai yawan amfani a ɗan cikinsa. In dawa ce, kada a kuskura a bar tsiron, a nan gubar take.

4. A ci tuwo tare da abin da ke taimakon ƙarfe shiga jini: lemun tsami, tumatir, gwaiba, garin 'ya'yan kuka, ko ɗan kifi.

5. Mai ciki da yara kada su kora abinci da shayi. A jira awa ɗaya ko biyu.

6. Rogo mai ɗaci a fere shi, a jiƙa kwana uku zuwa huɗu, a shanya. A ƙasar Mozambik, lokacin farin 1981, yunwa ta sa mutane cin rogon da ba a gama gyarawa ba, fiye da mutum 1,000 ƙafafunsu suka shanye.

Haka ma a garke da akurki

Kada a ba kaji ko aladu ɗanyen waken soya. A soya shi har ya yi ja ya yi ƙamshi, amma kada ya ƙone, domin ƙonanne ma ya rasa amfani. Ko a tafasa shi rabin awa a shanya.

Angurya tana da wata guba da ake kira gosifol. Manyan shanu suna iya ɗaukar daidai gwargwado, saboda tumbinsu yana rage mata ƙarfi. Kaji, aladu, maruƙa da 'yan raguna ba su da wannan kariya.

Dawa mai bauri kada ta zama ita kaɗai a abincin kaji, a gauraya da masara ko gero. Bawon rogo a shanya shi kwanaki har ya bushe ƙayau kafin a ba awaki.

Babban haɗari shi ne gyauron dawa, da dawar da fari ya kama tana ƙarama. Dabba za ta ci, ta kama haki da tangaɗi, wani lokaci ta mutu kafin a kira malamin dabbobi. A hana su shiga gonar, ko a yanke karan a busar tukuna. Akuya ɗaya da ta mutu, kuɗin makarantar yaro ne ya tafi.

Daga ƙarshe

Ba muna cewa a daina cin dawa ko wake ba ne. Su ne ƙarfinmu, kuma in an gyara su yadda ya kamata, ɗan abin da ya rage na waɗannan sinadarai ba ya cutar da mai cin abinci iri-iri. Yaron da ya rame, ko ya kumbura, ko tafin hannunsa ya yi fari, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Muna roƙon kowace ƙungiyar mata ta nemi tsohuwa ɗaya da ta iya ƙullu da daddawa, ta koya wa matasa a taro na gaba. Mun sha wahalar noma wannan hatsi. Kada mu bar rabin amfaninsa ya wuce a banza.