3.4 Matsayin Kiɗa da Waƙa a Fim ɗin Andhadhun

A wannan sashe za a dubi yadda aka sarrafa kiɗa da waƙa a fim ɗin Andhadhun, wanda Sriram Raghavan ya ba da umarni, aka kuma fara nuna shi a shekarar 2018. Fim ne na harshen Hindi da ya haɗa ban dariya da tsinka zuciya. An samo tushen labarinsa daga wani gajeren fim na ƙasar Faransa mai suna L'Accordeur, na shekarar 2010. Tun daga sunan fim ɗin ma ana iya hango muhimmancin kiɗa a cikinsa, domin kuwa a harshen Hindi kalmar “andha” tana nufin makaho, ita kuma “dhun” tana nufin karin kiɗa. Wato ke nan, sunan yana nufin kiɗan makaho.

Abin da aka saba gani a finafinan Indiya, wanda kuma masu kallo a ƙasar Hausa suka daɗe da saninsa, shi ne a tsayar da labari cak, saurayi da budurwa su fita cikin furanni ko kan duwatsu su yi waƙa da rawa, sa'annan a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. A irin wannan tsari, ko da an yanke waƙar an yar, labarin ba zai rasa komai ba. A Andhadhun lamarin ba haka yake ba, saboda tauraron fim ɗin, Akash, wanda Ayushmann Khurrana ya fito a matsayinsa, makaɗin fiyano ne da ke zaune a birnin Pune, yana kuma yin makantar ƙarya a bisa hujjar cewa rufe ido yana ƙara masa natsuwa wajen kiɗa. Kiɗan nan shi ne sana'arsa, shi ne ya samar masa aiki a gidan abincin mahaifin Sophie, shi ne kuma ya jefa shi cikin bala'i.

Amit Trivedi ne ya tsara yawancin waƙoƙin fim ɗin, Jaideep Sahni ya rubuta baitocin, shi kuma Daniel B. George ya shirya kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin wasa. Mafi yawan waƙoƙin sun zo ne a kashin farko, lokacin da soyayya ke ƙulluwa tsakanin Akash da Sophie, kuma mai kallo yana ganin daga inda sautin ke fitowa, wato daga yatsun Akash. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce “Naina Da Kya Kasoor”, wadda jigonta ya ta'allaƙa a kan idanu. A nan akwai zambo a ɓoye, domin mai rera waƙar idanu mutum ne da duk jama'ar wurin suka ɗauka ba ya gani, alhali mai kallo ya san yana gani sarai.

Fitowar da ta fi cancantar nazari ita ce ta gidan Pramod Sinha, wani tsohon ɗan wasan fim da ya gayyaci Akash ya je ya yi wa matarsa Simi kiɗa a ranar tunawa da aurensu. Tabu ce ta fito a matsayin Simi. Da Akash ya isa, sai ta shigar da shi ba da son ranta ba, don maƙwabciyarta tana leƙensu. Yana zama a gaban fiyano sai idonsa ya faɗa kan gawar maigidan kwance cikin jini. Da ya nemi shiga makewayi kuma, sai ya tarar da kwarton matar a maƙale riƙe da bindiga. Daga nan ba shi da wata mafita illa ya koma ya ci gaba da kiɗa, su kuwa suna ta fama da gawa a kusa da shi, suna cusa ta cikin akwati, suna goge jini, kusan ba tare da magana ba.

A wannan fitowa kiɗan yana yin aiki fiye da ɗaya. Shi ne garkuwar Akash, domin da zarar yatsansa ya kuskure ko hannunsa ya yi rawa, za a gane yana gani, kuma kashe shi za a yi. Haka nan shi ne mafakar masu laifin, tunda sun ɗauka sautin yana rufe motsinsu. A wajen mai kallo kuwa, saɓanin da ke tsakanin daɗin kiɗan da munin abin da ido ke gani shi ke haifar da dariya, amma dariya ce wadda gaba ke faɗuwa a cikinta. A ganin mai wannan nazari, da an sanya kiɗan ban tsoro irin wanda aka saba ji a finafinan kisa, da fitowar ta zama gama-gari, da kuma ban dariyar ta ɓace gaba ɗaya.

Wata dabarar kuma ita ce ta amfani da tsofaffin waƙoƙi. Anil Dhawan, wanda ya fito a matsayin Pramod, shi kansa tauraro ne a shekarun 1970, don haka sai aka riƙa nuna Pramod yana kallon waƙoƙin ainihin finafinan da Dhawan ya yi a wancan zamani, yana jin daɗin ƙuruciyarsa. Da wannan kaɗai aka bayyana halin mutumin da zamani ya wuce shi bai sani ba, ba tare da an ɓata lokaci wajen dogon bayani ba.

Sai dai akwai abin lura a kashi na biyu. Bayan Simi ta gano asirin Akash ta makantar da shi da gaske, labarin ya karkata ga wani likita mai fataucin sassan jikin mutane, fiyano kuma ya ja baya. Abin mamaki a nan shi ne, wanda ya ce makanta tana gyara kiɗa, da makantar ta zo masa sai neman tsira da rai ya ɗauke masa hankali daga kiɗan. Ana iya cewa da gangan aka yi haka, amma duk da haka wannan kashi bai kai na farko armashi ba, domin rikicin ya koma na kuɗi da cin amana irin wanda ake samu a finafinai da dama. Ba a sake ganin Akash a matsayin cikakken makaɗi ba sai a ƙarshe, bayan shekara 2, inda Sophie ta tarar da shi yana wasa a wani gari a Turai. Ya ba ta labarin abin da ya faru ta bakinsa shi kaɗai, sa'annan bayan sun rabu aka nuno shi yana tafiya a titi, ya sa sandarsa ya make wani gwangwani da ke kan hanyarsa.