Me Ake Nufi da "Limited" a Sunan Kamfani?



Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello Way zai ga sunayen kamfanoni da suka ƙare da "Limited" ko "Ltd", kamar New Nigerian Newspapers Limited, mai jaridar da ta fara fitowa a 1966. Da can mu a ajinmu mun ɗauka kayan kamfanin ne ba su da yawa. Ashe ba haka ba ne.

A Turanci kalmar sifa ce, tana nufin abin da aka yi wa iyaka. A kasuwanci da shari'a kuwa, asarar masu kamfanin ce aka yi wa iyaka. Doka tana ɗaukar kamfani tamkar wani mutum ne daban, da dukiyarsa da bashinsa.

Ga misali. Mutum uku sun zuba naira 100,000 kowannensu, suka kafa kamfanin sayar da atamfa. Kamfanin ya ci bashin naira 1,000,000, sai ya karye. Za a iya sayar da kayan kamfanin a biya masu bin bashi, amma ba za a taɓa gidajen mutanen uku ba. Asarar kowannensu ta tsaya a kuɗin da ya zuba.

Amma mai shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ya yi rajistar suna kawai, irin masu rubuta "Enterprises", shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne. Bashin shago bashinsa ne, zai iya bin sa har gida.

Ba a rubuta "Ltd" a allo haka kawai. Sai an yi rajista da hukumar CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Sai dai a kula. Wanda ya sa hannu ya tsaya wa kamfani a kan bashi, ko ya yi zamba, wannan kalma ba za ta cece shi ba.

Da yawanmu mu ke karanta wa iyayenmu takardun Turanci. In aka kawo takardar bashi, mu duba da kyau kafin su sa hannu: sunan kamfani ne a kai, ko sunan Baba?