DOGON GILASHIN DA KE KAMO TSUNTSU TUN BAI TASHI BA

A cikin shekarar 1937 wani Bature mai ɗaukar hoto, Eric Hosking, ya fita da dare a ƙasar Wales don ya ɗauki hoton wata mujiya da ke da sheƙa a kan itace. Yana cikin hawa zuwa 'yar bukkar da ya kafa don ɓuya, sai mujiyar ta kawo masa sura, ta soka masa farce a idon hagu. Ciwo ya rure, har likitoci suka ga ba makawa sai an cire idon, don kada ɗayan ma ya tafi. Shekarunsa 27 a lokacin. Bai bar sana'ar ba har ya rasu a 1991, amma da ido ɗaya ya ƙarasa ta.

Kusanci ne ya jawo masa wannan. A zamanin nan akasarin hotunan tsuntsaye a bakin sheƙa ake ɗaukarsu, domin kayan aikin ba su iya kamo tsuntsu daga nesa, balle yana cikin tashi. Tsuntsun ma yana shan wahala, gama uwa idan aka dame ta takan gudu ta bar ƙwanta. Wannan matsala ce dogon gilashin kyamara mai sauri ya zo ya rage.

To, mene ne saurin gilashi, alhali ba gudu yake yi ba? Masu sana'ar suna nufin faɗin ƙofar da haske ke shiga. Idan ƙofar tana da faɗi, haske mai yawa ke kwarara a lokaci kaɗan, sai kyamara ta buɗe ido ta rufe cikin ƙiftawa, kafin tsuntsu ya motsa. Ana nuna wannan da lamba mai harafin f, kuma abin da kan rikita sabon shiga shi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin f/4 yana shigar da ninkin hasken f/5.6, kuma ninki huɗu na f/8. Lissafin ba wuya: a raba tsawon gilashi da lambar, sai a sami faɗin ƙofa. Wato gilashi mai tsawon milimita 600 a kan f/4 sai bakinsa ya kai milimita 150, kusan faɗin ƙaramin faranti.

Wanda ya taɓa zuwa Dagona, cikin fadamar Haɗeja da Nguru a Jihar Yobe, zai gane amfanin wannan. A can ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai kan sauka lokacin hunturu, su gauraya da na gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Lokacin da suka fi kai da kawo kuwa shi ne da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, daidai sa'ad da haske ya yi ƙaranci, ga kuma hazo ya rufe sama. Tsuntsu mai tashi yana bukatar kyamara ta ƙifta cikin kamar kashi ɗaya daga 2,000 na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukai su fito dishi-dishi. Mai gilashin f/4 yana iya fara aiki tun gari bai gama wayewa ba, mai f/8 kuwa sai ya jira, ko ya tilasta wa kyamara ta ƙara jin haske, hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa. In ya ce zai jira rana ta take, to zafi na tasowa daga ƙasa yana karkaɗa iska, kuma babu gilashin da ke maganin wannan kome tsadarsa.

Har ila yau buɗaɗɗiyar ƙofa tana narkar da duk abin da ke bayan tsuntsu, ciyawa da kachalla su zama launi ɗaya mai taushi, shi kuwa ya fito ƙarara. Amma a nan gizo ke saƙar. A nisan mita 10, wurin da ke fita sarai bai kai faɗin tafin hannu ba. Idan kyamara ta kama bakin fiffike ta bar ido, hoton ya lalace, domin idon tsuntsu mai kallo ke fara nema. Shi ya sa ƙwararru, idan haske ya samu, sukan ɗan tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, musamman in tsuntsaye biyu ne a jere.

Sai batun nauyi da kuɗi. Gilashin milimita 600 f/4 da kamfanin Canon ya fitar a 1999 ya haura kilo 5. Wanda ya fitar a 2018 ya sauko kusan kilo 3, a kan kuɗi wajen dalar Amurka 13,000. Ko da wannan rangwamen nauyi, hannu ba ya daɗewa riƙe da shi, sai da ƙafafun ɗora kyamara, ko ɗan buhun yashi a gefen kwalekwale. A 2020 kamfanin ya fito da wani mai milimita 800 a kan f/11, bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuɗinsa kuma bai kai dala 1,000 ba. Da rana tsaka-tsaki yana aiki ba laifi, amma da almuru sai a mai da shi jaka.

Masu gilashin mai tsada ma ba su tsira daga zaman jira ba. Milimita 600 ba ta cika hoto da ƙaramin tsuntsu daga ƙetaren tafki, sai an matso wajen mita 10 ko ƙasa da haka. Saboda haka gwanayen sukan isa wurin tun da duhu, su sa tufa mai launin ƙasa, su ba rana baya, su kwanta daidai da idon tsuntsu, sa'an nan su bar shi ya matso da kansa.