Mai Tabarau da Bindigar Iska: A Fara da Ido Kafin Madubin Saiti

Idan gero ya fara nuna a gonakin Sassumbrum da ƙauyukan Magarya da Dungas, manomi ba ya samun barci mai daɗi. Kurciya da hasbiya na sauka kan zangarniya, kurege da gafiya na tonon gyaɗa, ɓeraye kuma na jiran a kai amfani rumbu. Yara na fama da gwafa da gwangwani, wasu magidanta kuwa sun koma ga bindigar iska, wadda ke harba ɗan ƙaramin harsashin dalma mai kaurin milimita 4.5 ko 5.5 ba tare da albarushi ba. Da yawa daga cikin masu iya sayen irin wannan bindiga sun haura shekara 40, lokacin da ido ke fara gazawa wajen ganin abu na kusa, wasunsu ma tun tuni suke sa tabarau. Shi ya sa suke neman madubin saiti da ake ɗaurawa a bayan bindiga. Matsalar ita ce yawanci lambar da ke rubuce a jikin kwali ake saye, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ko madubin ya dace da idon mai shi, da tabaraunsa, da kuma irin bindigar da ke hannunsa.

Abu na farko shi ne tazarar da ke tsakanin ido da bakin madubin. Kowane madubin saiti yana da nisan da aka ƙera shi a kai, inda ido zai tsaya ya ga hoto cikakke. In ido ya matsa ko ya ja baya, sai wani baƙin zobe ya zagaye hoton, in kuma kai ya karkata kaɗan, sai duhu ya ci gefe ɗaya ya bar abu kamar jinjirin wata. Gilashin tabarau na zama ne kimanin milimita 12 zuwa 14 a gaban ido, wato ya riga ya cinye wani ɓangare na wannan tazara. Ƙananan madubai masu siririn jiki, irin 4x15 da 4x20 da ake haɗowa da bindigogi masu araha, sukan tilasta wa mutum ya cusa fuska har gilashi ya taɓa ƙarfe. Mai tabarau ya nemi wanda tazararsa ta kai santimita 8 zuwa 10. Gwajin ba shi da wuya: ya sa tabaraunsa, ya rufe ido, ya kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya ɗora kunci yadda ya saba, sannan ya buɗe. In sai ya miƙa wuya ko ya noƙe kafin hoton ya cika, to ko dai a gusa madubin gaba ko baya a kan bindigar, ko a nemi wani.

Za a iya cewa, ai mai raunin gani shi ya fi kowa bukatar madubin da ke kusanto da abu sosai. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Lambar farko a jikin madubi ita ce yawan ninkin da yake yi wa abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. In aka raba ta biyu da ta farko, za a sami faɗin hasken da ke fitowa zuwa ƙwayar ido. Madubin 4x32 yana ba da milimita 8, na 3-9x40 yana ba da wajen 13 a ninki uku da kusan 4.4 a ninki tara, shi kuwa wanda aka murɗa zuwa ninki 24 da gilashin milimita 50, da ƙyar yake wuce 2. Duk lokacin da wannan haske ya ƙanƙance, samun hoton na ƙara wuya, musamman ga wanda ƙarfen tabarau ke hana shi ɗora kunci wuri ɗaya kullum. Ban da haka, ninki mai yawa yana ƙara nuna rawar hannu, yana rage fili, yana kuma dusashe hoto da asuba da almuru, daidai lokacin da tsuntsaye ke sauka. Bindigar iska ta talakawa aikinta bai cika wuce mita 10 zuwa 30 ba, kuma a wannan nisa 4x32 ko 3-9x40 sun wadatar.

Sai kuma bindigar kanta. Irin wadda ake karyawa a tsakiya domin a ɗana ta, sifirin ne ke tura iska a cikinta, kuma duka biyu take yi a harbi ɗaya: ta fara ja baya, sannan ta fizga gaba. Madubin da aka yi domin bindigar albarushi an shirya shi ne ya jure duka ta baya, saboda haka wannan fizga ta gaba kan sassauta gilasansa, ta gusar da layukan saiti, har mutum ya riƙa zargin idonsa alhali madubin ne ya lalace. A tabbatar an yi shi domin bindigar sifirin, a kuma ɗaura shi da maƙali mai ƙarfi wanda ke da ƙusar da ke hana shi zamewa a kan layin da ke bayan bindigar mai faɗin milimita 11. Haka nan, yawancin madubin manyan bindigogi an saita su ne a kan nisan kusan mita 90. In aka auna abu a mita 15 da su, motsa kai kaɗan zai sa layukan saiti su yi yawo a kan abin, harbi ya kauce ko da hannu bai motsa ba. Maganin wannan shi ne madubi mai zoben daidaita nisa, wanda sau da yawa ake rubuta AO a jikinsa, kuma wanda lambobinsa suka sauko har mita 10.

Wani zai ce to me ya kawo wannan wahala, tunda a bakin madubin akwai zoben da ake murɗawa domin ya dace da ido, sai a cire tabarau kawai a yi harbi. Gaskiya ne zoben na gyara ƙaramin rauni na ganin nesa ko na kusa. Amma ba ya gyara idon da fuskarsa ba ta daidaita ba, irin wanda ke ganin fitila da dare tana da jela, ko yake ganin layin tsaye tar, na kwance kuma a dushe. Wannan sai gilashin da aka yanka wa mai shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa, madubi da'ira kaɗan yake nunawa, duk abin da ke wajenta ido ne zai gan shi. A ƙasar da itatuwan gawo suka cika gonaki kamar ta Magarya da Matamaye da Mirya, ba a rasa yaro mai kiwo, ko mace mai tsintar ƴaƴan gawo, ko akuya a bayan karan gero, kuma harsashin da ya kuskure kan yi tafiyar da ta wuce mita 200. Wanda ya cire tabarau ya cire abin da zai nuna masa su. Bugu da ƙari, dalma kan bugi dutse ko busasshen icce ta dawo, don haka tabarau mai gilashin roba mai tauri kariya ce, wadda gilashin da ke fashewa ba zai bayar ba. Hanyar da ta dace ita ce a saita zoben da tabarau a fuska: a fuskanci farin bango ko sararin sama nesa da rana, a leƙa a ɗauke ido, a murɗa kaɗan, a sake leƙawa, har layukan su fito tsaf a kallon farko. Kada a kuskura a dubi rana ta cikin madubin, domin yana iya ƙona ido cikin ƙiftawa.

Ba kowane tabarau ne ya dace ba. Na karatu da ake zubawa a faifai ranar kasuwa an yi shi ne domin abin da ke nisan kamu ɗaya, kamar allo ko wayar hannu, kuma da shi ba za a ga abin da ke ƙarshen gona ba. Mai gilashi hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu, yana da tasa matsalar, domin mai harbi yana sunkuyar da kai ne ya duba ta kusurwar sama kusa da hanci, kuma in tabarau ya zame, ƙarfin gilashin da yake dubawa ta ciki ya canza. Wanda ya fi shi ne na ganin nesa zalla, mai faɗin gilashi, wanda ke zama daram a karan hanci. Kafin duk wannan, a je a auna ido. Yankin Damagaram ya daɗe yana fama da amodari, wanda kan juya gashin ido ya riƙa karce shi, ga yanar ido da hawan jinin ido da ke zuwa da shekaru, kuma babu madubin da ke maganin ko ɗaya daga cikinsu. Ana iya farawa daga asibitin Magarya, a tura mutum babban asibitin Zinder in akwai bukata, wasu kuma kan tsallaka zuwa asibitin ido na ECWA da ke Kano.

Masu cewa madubi mai kyau ya yi tsada suna da gaskiyarsu, sai dai araha ba ta ado: mai sauƙin ninki wanda aka ƙera da kyau ya fi mai manyan lambobi da za a sake saye bayan kaka ɗaya. Kuma kula da shi ba ta cin kuɗi. A lokacin hunturu a rufe bakunansa biyu, a hure ƙura kafin a goge, kada a shafa gilashi da bakin riga ko rawani, domin yashi na karce shi. Sannan akwai doka. A Nijar, dokar 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke lura da ita. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda ke bukatar lasisi, saboda haka tsallaka iyaka da ita ba tare da takarda ba neman fitina ne. Mai niyyar saye ya bi tsari: ya tambayi hukuma, ya auna ido, ya sami tabarau na gaskiya, sannan ya je da shi a fuska ya gwada madubin a kan bindigarsa kafin ya biya ko dala.