Shubuhar da Ake Yaɗawa a Kan John Nash da Barin Magani

Wani saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan'uwa da abokan arziki a kwanakin nan game da fim ɗin A Beautiful Mind na 2001, wanda Ron Howard ya shirya a kan rayuwar John Nash, masanin lissafin Amurka da ya yi fama da taɓin hankali, kuma tun da wanda ya rubuta saƙon ya cuɗa gaskiya da ƙarya ba tare da tsoron Allah ba, ya wajaba a rarrabe su.

Cewa masu sharhi sun yi Allah wadai da fim ɗin baki ɗaya, ƙarya ce: lambar Oscar huɗu ya ci a 2002, ko da yake wasu sun soki yadda ya ɓoye rabuwar auren Nash da matarsa Alicia a 1963. Cewa zurfin lissafi ne ya haukata shi, zance ne marar dalili.

Babbar musibar tana ga da'awar cewa Nash ya zubar da magani ya warke da ƙarfin hankalinsa, saboda haka kowane majinyaci ya yi koyi da shi. Haƙiƙa ya daina shan magani wajen 1970, kuma haƙiƙa fim ɗin ya sa masa a baki cewa yana shan sababbin magunguna a 1994, shekarar da ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki, alhali ba haka aka yi ba. Amma abin da mai saƙon ya haɗiye shi ne, bayan barin maganin Nash ya shafe shekaru masu yawa yana gararamba a harabar jami'ar Princeton, yana cika allunan azuzuwa da rubutun da ba mai gane kansa, har ɗalibai suka laƙaba masa sunan fatalwa, yana kwana a gidan matar da suka rabu, wadda ta karɓe shi don tausayi. Sauƙin kuwa bai bayyana sosai ba sai da girma ya kama shi.

Malaman usulu sun ce ba a gina hukunci a kan abin da yake nadiri, wato wanda ba kasafai yake faruwa ba. Likitoci sun san cewa wasu masu wannan ciwo sukan sami rangwame idan shekaru suka ja, amma abin da ya tabbata a wurinsu shi ne, galibin waɗanda suka yanke magani farat ɗaya ciwon yakan dawo musu.

Ba na ganin laifin uwar da ta gaji da sayen magani, tana kallon ɗanta yana kasala da rawar hannu, idan ta ji wannan labari zuciyarta ta karkata. Nauyin yana wuyan wanda ya tura saƙon bai bincika ba. Duk wanda magani ya dame shi, ya koma wa likitansa a rage ko a canza masa.